Farin Mai

Shekara arba'in ina murza tunkuza,
hannuna ya san lokacin da gyaɗa za ta saki hawayenta.
A ƙauyen nan, gabas da Auyo,
duk miyar da ta yi maiƙo, daga kwalbata ne.
Na ɗauka babu mai koya mini komai a kan mai.

Sai Laure ta sauka, wata bakwai bai cika ba,
ranar da ruwa ya shanye hanyar kasuwa.
'Yar kamar tsakon da aka fasa wa ƙwai,
tafin hannun ubanta ya fi bayanta faɗi.
Muka bi mota har birni.
Aka sa ta a kwalba.
Aka yanka rago a gida, aka ce Rayyanatu,
mai sunan ba ta nan.

Hanjinta, in ji likita, bai shirya karɓar baƙo ba.
Nonon uwa na zuba a zane,
ita kuwa ta jijiya ake ciyar da ita:
ruwa ɗaya garai-garai,
ɗaya fari fat, kamar kindirmon da aka tsinka.
Na ce, madara ce?
Aka ce, mai ne, Iya, na waken suya.
Na riƙe baki.
Mai da ruwa, da ba sa ga maciji,
wa ya sasanta su har suka kwana gora ɗaya?

Ɗigo.
Ɗigo.
Na yi ta ƙirga har lissafin carbi ya kuɓuce mini.

Mako uku sikeli yana ɗan motsawa,
sai idonta ya soma rinewa.
Ba shawarar kwanakin farko ba,
wata ce mai duhu, da ratsin kore irin na kududdufi.
Fitsari kamar shayi.
Kashi kamar farar ƙasa.

Likitar ta zana mini hanta a bayan takardar magani.
Ta ce, ƙaramin turmi ne wannan, Iya,
an ɗora masa dakan manya,
ruwan maɗaciya ya daina gudu.
Abin da ke rayar da ita, shi ke gajiyar da ita.
Wannan kam ban nemi tafinta ba.
Na sha cika kasko don sauri,
na ga yadda mai mai kyau ke komawa ɗaci.

Ta ce za a rage, kuma za a sauya
da wani da aka gauraya da man kifi,
in an samu. Ba ta yi alkawari ba.
Ilu ya ji kuɗin, ya cire hula, ya mayar.
Shi da ya girma a kan gorar su,
wanda ƙarnin tarwaɗa bai taɓa barin rigarsa ba,
yau kifi ya dawo masa a 'yar kwalba,
ya fi kamun wata biyu tsada.
Ya sayar da taru. Bai gaya wa kowa ba,
ni ma a bakin mai sayen na ji.

Suka fara ɗiga mata nonon uwarta ta siririn bututu,
abin da ba zai cika cokalin shayi ba.

Aka ce in dawo gida, kasuwa ba ta jinya.
Jiya ina tsakar murza
yaro ya shigo a guje da wayar maƙwabci.
Laure ce, murya na rawa:
Inna, kashin ya yi rawaya.

Ni Tasalla, da furfurata,
na rangaɗa guɗa a kan kashi.
Mata suka leƙo ta darni suna tambayar wa ya haihu.

Ba a ce ta warke ba. Idon da saura.
Jibi ma za su ɗebi jini,
jinin da ban san inda take samo shi ba.

Na koma gaban turmi.
Na tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan,
ban matsa wa tunkuzar ba,
na sassauta muciya,
na jira
har man ya taso da kansa.